Daren da na kwana a hawa na bakwai a Alƙahira

A makon ƙarshe na watan Yunin 2024, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, wurin aikinmu ya tura ni wani kwas na mako biyu a Iskandariya ta ƙasar Masar. Jirgin da ke tashi daga Kano a Alƙahira yake sauka, kuma da dare, saboda haka dole in kwana a can kafin in kama jirgin ƙasa da safe. Labarin wannan kwana ɗayan nake son bayarwa, domin tun da na dawo masu zuwa asibiti da masu zuwa karatu suke tambayata inda za su sa haƙarƙarinsu a daren farko, kuma kusan duk wanda ya tambaya sai in ga irin lissafin da na yi shi ma yake shirin yi.

Lissafin nawa na kuɗi ne. A lokacin dala tana wajen naira 1,500, otal mai ɗan dama-dama kuma ba zai gaza dala 50 ba, wato naira 75,000 ke nan a kan barcin awa biyar ko shida. Sai na buɗe wata manhajar kama ɗaki na ga masaukin haɗaka, irin wanda ake kira hostel, inda gado kake biya ba ɗaki ba, a tsakiyar birnin, dala 8 kacal. Hotunan sun yi kyau: dogon rufi, baranda, fararen zannuwan gado, kuma a jerin abubuwan da suke da su an rubuta akwai esi. Katin bankina na naira ba ya aiki a waje a wancan lokacin, don haka na zaɓi tsarin biya in an isa. Wani abokin aikina da ya taɓa zama a Masar ya ce mini, "Malam, bazarar can ba wasa ba ce, ka nemi ɗakinka kai kaɗai." Na ce masa wanda ya sha Afrilun Kano ba wuta ai ba zafin da zai ba shi tsoro. Da zuciya ɗaya na faɗi haka, kuma a nan kuskuren ya fara.

Takardu ba su ba ni wahala ba a gida. Bizar Masar tun daga Najeriya na samo ta da wasiƙar gayyatar masu kwas ɗin, kuma na riƙe katin rigakafin shawara a cikin fasfo, wanda aka duba tun kafin mu tashi. Tafiyar kusan awa huɗu da rabi ce, sai dai a lokacin bazara agogon Masar yana gaban namu da awa biyu, don haka ka ga dare ya yi maka tun jikinka bai yarda ba. A cikin jirgi aka raba mana ɗan katin shiga ƙasa, akwai gurbin rubuta adireshin masauki. Nawa adireshin yana cikin manhaja, manhajar kuma sai da intanet take buɗewa. Ban buga shi a takarda ba, ban ma ɗauki hotonsa a waya ba. Da na isa gaban jami'in shige da fice ya tambayi tikitin komawa na ba shi, ya tambayi wasiƙar gayyata na ba shi, ya nuna gurbin adireshi da bakin biro ya ce in koma gefe in cike. Haƙƙinsa ne, aikinsa yake yi. Na yi kusan minti ashirin da biyar a tsaye ina neman wanda zai ara mini intanet, har Allah Ya haɗa ni da wani ɗalibin Azhar ɗan Katsina da muka zo jirgi ɗaya, ya buɗe mini tasa na kwafe adireshin. Kafin in sake bin layi in ɗauko jaka, goma ta wuce.

A nan filin jirgin na canza dala 60 a tagar banki. Tun da Masar ta saki kuɗinta a watan Maris na shekarar, dala ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50, a ranar kuma fam 47 da ɗoriya aka ba ni a kowace dala. Na roƙi mai canjin ya haɗa mini da ƙananan takardu, kuma wannan ya yi mini rana daga baya. Layin waya ma a nan na saya, da fasfo ake rajistarsa, minti goma ya ɗauka. Da ka fito ƙofa masu tasi za su yi maka caa, kowa da farashinsa. Ni dai Uber na kira, na biya kusan fam 250 zuwa tsakiyar gari. Lambar motocinsu da lambobin Larabci ake rubuta ta, irin waɗanda muka saba gani a shafukan Alƙur'ani, wanda ya yi makarantar allo ba zai ɓata ba. Abin da na fara lura da shi da na fito daga sanyin filin jirgi shi ne iskar. Na baro Kano damina ta sauka, ƙasa tana ƙanshi, da dare har mutum yana jan mayafi. A nan kuwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare iska tana bugun fuska kamar ka tsaya a bakin tandar gurasa.

Unguwar da suke kira Wusɗul Balad, wajen dandalin Tahrir da titin Tal'at Harb, tun zamanin Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a ƙarni na 19, aka tsara ta a kan fasalin birnin Paris. Gine-ginen manya ne, tsofaffi, masu kyan gani daga waje, kuma masaukai da yawa na masu ƙaramin ƙarfi hawa ɗaya ko biyu suke kamawa a cikin irin waɗannan gidaje, sauran hawan kuwa ofisoshi ne da gidajen mutane. Direban ya sauke ni a bakin wata doguwar ƙofar ƙarfe, ba allo ba alama, sai wani ɗan ƙaramin rubutu a jikin bango da sai ka matso kake gani. Mai gadin gidan, wanda suke kira bawwab, yana zaune a kan benci da jallabiya. Na yi masa sallama da Larabcin Islamiyya, ya amsa da fara'a, na faɗi sunan masaukin, ya ɗaga yatsu bakwai. Akwai lifta, tsohuwa mai ƙofar raga, amma an liƙa takarda a jikinta. "Aɗlan," in ji shi, wato ta lalace. Su kuma ba sa lissafa hawan ƙasa, ga rufin kowane hawa ya yi tsawon ɗaya da rabi na namu. Jakata kilo 23 ce. Wani yaronsa ya kama mini gefe ɗaya muka hau, muna hutawa a kowane hawa biyu, na ba shi fam 20. Kafin mu kai sama rigata ta manne a bayana, ruwan robar da na saya a filin jirgi kuma saura kaɗan.

Saurayin da ke karɓar baƙi mai ladabi ne. Ya karɓi fasfo ya yi kwafinsa ya dawo mini da shi, ya ce kuɗi a hannu, dala ko fam. Na biya da fam, na nemi rasit ya rubuta mini. Sai bayan na biya ya ɗauki mabuɗi ya kai ni ɗakin. Yana buɗe ƙofa sanyi ya dake ni, esi yana aiki kamar yadda aka rubuta. Amma da idona ya saba da duhun sai na ga takalman mata a bakin gado, ga wata baƙuwa kwance a gadon ƙasa tana duba waya. Ɗakin haɗaka ne na maza da mata. An rubuta hakan a manhajar da kalma ɗaya ƙarama a ƙarƙashin hoton, ni ne ban kula ba. Na ja da baya na ce masa ba zan iya kwana a nan ba. Bai yi mamaki ba, ya ce, "Yi haƙuri malam, akwai ɗakin maza zalla, amma fanka ce a ciki." Na tambayi ɗakin mutum ɗaya ko nawa ne in ƙara kuɗi, ya ce duk sun cika. Sha biyun dare ta kusa, na riga na biya, ga matakalar hawa bakwai a ƙasana da jaka mai nauyi, ban san kowa a garin ba. Na ce mu je.

Ɗakin mazan yana can ƙarshen lungu. Gadaje uku ne masu hawa biyu, mutum shida ke nan, biyar sun riga ni, saura gadon sama na kusa da bango. Fanka ɗaya ce a jikin bango, tana juyawa hagu da dama, iskarta tana iso ni sau ɗaya a kowane zagaye, ita ma mai ɗumi. Taga ɗaya ce, na yi murna da na gan ta a buɗe, sai da na leƙa na gane ba titi take kallo ba. Wani rami ne a tsakiyar ginin da suke kira manwar, an bar shi don haske da iska, amma duk injinan esin sauran hawan a cikinsa aka rataye su. Zafin da suke zuƙowa daga ɗakunan mutane a nan suke amayar da shi, shi kuma ya taso sama ya shigo mana. Mu ne hawan ƙarshe, ba komai tsakaninmu da rana sai dakalin siminti da ya wuni yana shan zafin da ya haura digiri 40. Da na hau gadon na miƙa hannu na taɓa rufin, ɗumi ne da shi kamar bayan tukunyar da aka sauke ɗazu. Katifar kuma an lulluɓe ta da leda a ƙarƙashin zanin gado, duk juyin da ka yi sai ta yi ƙara, gumin da ka zubar kuma ba inda za shi, a ƙarƙashinka yake taruwa.

Na ce bari in watsa ruwa in yi sallar Magariba da Isha da ke kaina. Na buɗe famfon sanyi, ruwan ya fito da zafi har sai da na janye hannu, domin tankin a saman rufi yake. Ina cikin alwala ya koma siriri, ya tsaya. Saurayin ya ce an ɗauke wuta awa uku da yamma, injin da ke tura ruwa sama bai samu ya cika tankin ba, baƙi kuma sun ƙarar da abin da ya rage. Daga baya na fahimci ba matsalar gidan kaɗai ba ce. A wancan lokacin, tun bazarar 2023 gwamnatin Masar take ɗauke wuta bi da bi saboda ƙarancin iskar gas da tashoshin lantarkinsu ke amfani da ita, a makon da na sauka kuma aka ƙara lokacin zuwa awa uku a rana, har Firaminista Mustafa Madbuli ya fito ya ba jama'a haƙuri. Mu da muka saba da ɗauke wuta muna da rijiya da randa da janareta da tsakar gida. Ginin da aka yi shi a kan cewa wuta ba ta yankewa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Na sayi ruwan roba babba guda biyu a firjin masaukin, a kan ninkin kuɗin da ake sayarwa a titi, ba su ma yi sanyi ba. Da rabin ɗaya na ƙarasa alwala na goge jiki, na shimfiɗa darduma a lungun da ke tsakanin ɗakuna, domin tsakanin gadajen ba wurin sujada.

Wayata saura kashi tara, na ɗauko caja sai na ga ba ta shiga. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, tawa kuma mai ƙafa uku ce irin tamu. Akwai loka a ƙarƙashin gado amma kowa da kwaɗonsa yake zuwa, ni ban zo da shi ba. Saboda haka fasfo da sauran daloli da waya na zuba su a ƙaramar jaka na rataya a wuya, na kwanta da ita a ƙirji, ita ma ta zama wani abin ƙara zafi.

Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi ban san yadda zan kwatanta ba. Ba ciwo ba ne, amma na fi son ciwo a kansa. In na kwanta rigingine rufin yana gasa fuskata, in na juya ledar tana kama fatata. Wani yana munshari, wani yana magana a waya ƙasa-ƙasa da harshen da ban sani ba, injinan cikin ramin suna gurnani, daga nesa kuma hon ɗin motoci bai tsaya ba ko na minti ɗaya, domin mutanen Alƙahira a bazara da dare suke rayuwarsu. Wajen biyu da rabi kaina ya fara sarawa, bakina ya bushe duk da ruwan da nake sha, zuciyata tana bugawa da sauri, na ji kamar zan yi amai. A nan tsoro ya kama ni da gaske. Na tuna ba wanda ya san takamaiman inda nake, ko maiɗakina cewa kawai na yi mata na sauka lafiya. Na sauko daga gadon a hankali, ƙafafuna suna rawa.

Mutumin da ke gadon ƙasa ashe idonsa biyu. Dattijo ne ɗan Sudan, zai kai shekara sittin. Ya tashi zaune ya dube ni ya ce, "Ya zol, zauna ƙasa." Ya ɗauki tawul ɗinsa ya jiƙa da ruwan robarsa ya ɗora mini a wuya da ka, ya ɓare wata 'yar takardar gishiri da sukari irin wadda ake ba mai gudawa ya zuba a ruwana ya ce in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Da na ɗan dawo daidai sai ya yafito ni, muka bi lungun har ƙarshe, ya tura wata ƙofa da na zata a kulle take. Baranda ce mai kallon titi, ita ce ta cikin hoton. Iska ba ta da sanyi, amma tana motsi. Ya shimfiɗa zanin gadonsa a kan tayil ya yayyafa masa ruwa, ya ce in kwanta a kai. Ya kuma ara mini cajarsa.

Mun yi hira sama-sama, Larabcina na littafi, nasa na gida. Da ya ji daga Kano nake sai ya yi murmushi ya ce "sannu", ya ce maƙwabtansa a Omdurman Hausawa ne, tare suka tashi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ne ya fito da shi. Iyalinsa suna wurin wasu dangi a ɗaki ɗaya da ba zai ɗauke su duka ba, shi kuma yana wannan gadon yana jiran ranar da ofishin 'yan gudun hijira na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba shi. Na ce, "Ya Hajj, kwana nawa ka yi a ɗakin nan?" Ya ce ya daina ƙirgawa tun da ya wuce wata guda. Ya ce duk dare sai ƙarfe uku yake fitowa barandar, lokacin da masu shan sigari suka watse. Ban sami abin ce masa ba sai addu'a. Har yau in na tuna daren, fuskarsa nake fara gani kafin rufin.

Barcin da na samu bai kai awa ɗaya ba. Daren bazara gajere ne a can, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna aka kira asuba, masallatai da yawa a lokaci guda. Muka sauka tare muka yi sallah a wani ƙaramin masallaci a bayan layin, inda na sami ruwan famfo mai sanyi na wanke kai sosai. Sauko da jaka ya fi hawa da ita sauƙi. Na yi sallama da dattijon a bakin ƙofa, na so in ba shi wani abu ya riƙe hannuna ya ƙi, sai na sayo mana ful da ɗa'amiyya, wato wake da ƙosansu, muka ci a tsaye a gefen titi.

Daga tashar Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Shuhada, tsayawa uku ce, fam 6 na biya a lokacin. Ana saka jaka a na'urar bincike a bakin shiga, kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata, namiji ya kula da alamar kafin ya faɗa. Daga Shuhada ka fito kana gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Baƙo farashinsa daban ne da na ɗan ƙasa, da dala ake lissafa masa, kuma sai ya nuna fasfo, don haka kar ka yi kasafi da kuɗin da ka ji Bamisire ya faɗa. Na sami kujera a tarago mai esi. Tafiyar wajen awa uku ce, ban ga komai a hanya ba, mai duba tikiti ne ya tashe ni sau ɗaya, sai kuma wani maƙwabcin kujera da muka iso. Ranar farko ta kwas ɗin da ciwon kai na yi ta, ban riƙe rabin abin da aka faɗa ba.

Ban ce kar kowa ya sauka a masaukin haɗaka ba, akwai masu kyau, kuma ba kowa ke da dala 50 ba. Amma kafin ka kama gado ka rubuta musu ka yi tambaya, ka ajiye amsar a wayarka. Kalmar esi a jerin kayan masauki tana iya nufin ɗaki ɗaya ne cikin biyar yake da shi, don haka tambayar ita ce ko ɗakin da za a sa ka a ciki yana da shi. Ka tambaya ɗakin na maza ne zalla ko na mata zalla ko na haɗaka, wannan ya fi muhimmanci ga 'yan'uwa mata masu rako marar lafiya. Ka tambaya hawa na nawa ne, shi ne na ƙarshe ko akwai wani a samansa, lifta tana aiki a wannan makon ko ba ta yi, tagar titi take kallo ko manwar. Daga Yuni zuwa Satumba ni dai ba zan sake yarda da hawan ƙarshe ba ko kyauta ne, gadon ƙasa kuma ya fi na sama nesa ba kusa ba. In ka isa, ka ce a nuna maka gadon kafin ka fito da kuɗi, domin da na yi haka da ina da bakin magana. Adireshi ka buga shi a takarda da boko da Larabci. Ka sa ƙaramin kwaɗo, da mahaɗin caja mai ƙafa biyu, da 'yan takardun gishiri da sukari a jakar hannu, ruwa kuma ka saye shi a ƙasa kafin ka hau, roba biyu manya. Sannan ka tura wa wani a gida sunan wurin da lambar wayarsu. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ƙoda, da wanda ya zo da tsoho, shawarata kada ya gwada ɗakin fanka a wannan lokacin ko kaɗan.

Da zan dawo na sake kwana a Alƙahira, a unguwar dai. Wannan karon tun daga Iskandariya na yi waya, na sami ɗakin mutum ɗaya a hawa na biyu na wani gidan a kan dala 24. Na hau na gani, na sa aka kunna esin na tsaya har na ji sanyinsa a hannuna, na buɗe famfo, sannan na biya. Da yamma na sayi mangwaro na taka zuwa wancan ginin. An gyara lifta. Saurayin ya gane ni, na tambayi dattijon, ya ce kwana huɗu ke nan da ya kwashe kayansa, bai faɗi inda za shi ba. Na bar wa bawwab mangwaron na sauko.